Ganyen da Ke Cikin Dutsen Salissou

A gefen layin dogo na Agege, kusa da inda masu goro ke sauke huhuna, akwai wata rumfar kwano da faɗinta bai wuce tabarma biyu ba. Mai ita Salissou Abdou ne, mutumin ƙasar Agadas a Jamhuriyar Nijar, ɗan shekara hamsin da takwas. Saiwa da sassaƙe yake sayarwa, sana'ar da ya gada a gidansu. Sai dai wanda ya tambayi 'yan okadan wurin inda Salissou yake zai sha yawo. Sunan da suka sani shi ne Baba Mai Ganyen Dutse.

Dutsen yana naɗe cikin guntun tsohon rawani. Girmansa kamar tafin hannu, baƙi-baƙi, shimfiɗaɗɗe kamar allo. A fuskarsa akwai siffar ganye, kuma ba hannun mutum ne ya zana ta ba: siririn kara, da ƙananan ganyaye jere hagu da dama, kowanne kamar ɗan mafici, har jijiyoyinsa ana iya ƙirgawa. Daga gefe akwai wani abu mai kama da ƙaramar ƙwayar gyaɗa. Salissou ya ce ɗan itacen ne.

Masu haƙa rijiya ne suka fasa dutsen a shekarar 1990, a ƙauyensu da ke arewa da Agadas, ba nisa da inda ake haƙar kwal, wanda mutanen can ke ce wa sharbon. Sun kai zurfin gaba goma sha biyu, wani dutse ya rabu biyu, ganyen ya bayyana. Suka kai wa mahaifin Salissou, Malam Abdou, domin a yankin babu wanda ya kai shi sanin itatuwa.

Gidan Malam Abdou yana da ƙa'ida da aka gada tun kakanni: ba a ajiye ganyen da ba a san sunansa ba, ba a kuma ba mara lafiya abin da ba a ga itacensa a tsaye ba. Tsohon ya nuna wa Buzaye masu raƙuma, ya nuna wa Fulani makiyaya, ya nuna wa Tubawa da ke kawo dabino daga gabas. Babu wanda ya taɓa ganin irinsa. Sai ya zauna ya yi nasa tunanin. Ganyen ba shi da ƙaya, ba shi da kauri, don haka ba ɗan hamada ba ne, ɗan ƙasar ruwa ne. Ƙasar ruwan da ya sani ita ce kurmi, inda goro ke fitowa, kuma da ganye ake naɗe goro. Ya yanke cewa fataken zamanin da ne suka yar da shi a laka, lakar ta daskare. Yadda aka yi ya nutse gaba goma sha biyu a ƙasa, bai tsaya a kan wannan ba. Abin da ya dame shi shi ne, ganyen da dutse ya kasa cinyewa lalle yana da ƙarfi a ciwon ƙashi, ga shi kuma yana zaune a gidansa babu suna.

A 1992 ya kira Salissou, wanda a lokacin yake da shekara ashirin da biyar, ya miƙa masa dutsen ya ce ya yi kudu. Salissou ya sa hannunsa cikin na mahaifinsa, ya yi alkawarin ba zai sake taka gidan ba sai da ɗanyen ganyen a hannunsa. Babu wanda ya nemi ya faɗi haka, shi ya ƙara don nuna himma. A ransa tafiyar wata uku ce.

Ya bi ta Damagaram da Kano, ya sauka Iddo a Legas. Ya yi gadi a wani sito a Mile 2, ya yi dakon albasa a Mile 12, daga baya ya koma Agege saboda nan ne masu goro na kowace ƙasa ke haɗuwa. A makonsa na farko a Agege ya ga wani tsiro a jikin bishiyar manja, mai ganye jere hagu da dama. Irinsa ne masu magani a Arewa ke kira agugu, yana son inuwa da laima, a Legas har jikin katanga yake fitowa. Salissou ya ɗauka tafiyarsa ta ƙare. Ya tsinko ya kai wa wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da ganyen magani don ta faɗa masa sunansa. Ta juya bayan ganyen, ta nuna masa ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa, ta ce wannan iri ba ya fure, ba ya 'ya'ya, tun da take ba ta taɓa gani ba. Sannan ta sa farce a kan ƙwayar da ke jikin dutsen, ta girgiza kai.

Daga nan ya fito da dabarar da ta ba shi suna. Yakan ɗora farar takarda a kan dutsen, ya goga fensir har siffar ganyen ta fito, ya raba wa direbobin manyan motoci, waɗanda har yau yake ce wa kamyo. Duk wanda ya ga mai kama da shi a hanya ya tsinko. An kawo masa daga dajin Benin, daga Kalaba, daga Kamaru, daga Kumasi. Wani direba ya taɓa kawo masa ganyen karas daga Jos, ya rantse daga Gabon ya fito. Salissou ya shinshina, ya ce ya gode, ya tambaye shi ko a Gabon ma da shi suke yin miya. Sauran kuwa yakan busar da su cikin tsofaffin jaridu ya jera a akwatin ƙarfe. Sun haura ɗari huɗu. Masu kama da ganyen ba su da 'ya'ya, masu 'ya'ya ba su kama da ganyen.

Malam Abdou ya rasu a 1997. Labarin ya iso Agege cikin kaset bayan wata biyu. Salissou bai je ba. Ya ce wanda ya yi wa alkawarin ne kaɗai zai iya sauke masa shi, kuma ya tafi bai sauke ba. Salissou ya auri Rahamatu, haifaffiyar Agege mai sayar da waina, wadda Yarabanci ya fi Hausa sauri a bakinta. Suna da 'ya ɗaya, Kausar, mai shagon ɗinki a unguwar.

A gida kuwa mutum ɗaya ce ta rage wadda ta san fuskarsa: yayarsa Aïchatou, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu ta kai saba'in. Tun da waya ta samu take aiko da saƙon murya ta wayar Kausar, yawanci gaisuwa da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. A farkon bana saƙon ya canza. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita ko tsakar gida.

"Ni na wanke ka kana jariri," in ji ta. "Ban ce ka kawo mini ganye ba. Fuskarka nake so in gani, tun ina iya gani."

Salissou ya saurara, ya ce a gaya mata saura kaɗan. Shekara talatin da uku ke nan yana faɗin haka.

Cikin watan Yuni wani mutum mai suna Misbahu ya zo sayen sassaƙen shawara don mahaifiyarsa. Magidanci ne, yana aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse, ya kuma karanta ilimin duwatsu a jami'a. Ya tarar da Salissou yana goga fensir. Ya nemi ganin dutsen, ya daɗe yana juya shi, ya tambayi daga inda ya fito. Sannan ya ajiye biro a gefensa don a gane girmansa, ya ɗauki hoto, ya ce zai tura wa wani tsohon malaminsa. Salissou ya ba shi takarda ɗaya kamar yadda yake ba kowa, ya ce ko a wajen haƙar rijiya ya ci karo da shi.

Bayan mako biyu Misbahu ya dawo da la'asar, ana yayyafi. Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Malamin ya ce daga hoto ba zai iya yanke sunan ganyen ba sai ya riƙe dutsen a hannu, amma ya san danginsa. Wasu tsirrai ne na tun da can, ganyensu irin na agugu, amma suna yin 'ya'ya. Salissou ya ajiye wuƙar da yake fere saiwa da ita, ya ce a maimaita. Shekaru yana gaya wa mutane akwai agugu mai 'ya'ya, suna yi masa dariya. Ya aika aka karɓo wa Misbahu shayi mai madara da burodi. Misbahu ya ƙara da cewa malamin ya ja kunne, ƙwayar tana gefen ganyen ne, ba a jikinsa ba, tana iya zama ta wani tsiron dabam. Salissou bai nuna ya ji wannan ba.

Sai Misbahu ya buɗe taswirar duniya a wayarsa. Ya ce masu kama da na ƙasar Agadas an same su a duwatsun Peru da Brazil, da Indiya, da Ostireliya. Dangin kuwa iri-iri ne. Wasu bishiyoyi ne, wasu masu yaɗo ne da ke hawa jikin wasu. Akwai su a duwatsun kwal na Turai da Amurka da Sin. Akwai wani da ya zo daga baya, mai ganye kamar harshen saniya, wanda ya cika Afirka ta Kudu da Indiya, har a ƙasar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya an same shi.

Salissou ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya tambayi wanne ya fi kusa da Legas. Misbahu ya duba, ya ce Nijar. Bayan Nijar fa? Brazil, ƙetaren teku. Salissou ya ce wannan ba matsala ba ce, ya san direbobi a Mile 2 masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa, su kuma sun san matuƙa. Takarda ashirin ta isa.

"A can ma dutse ne, Baba," in ji Misbahu. "Ko'ina dutse ne. Ɗanyensa babu."

"Babu a wannan daminar?"

"Babu a duniya. Ya ƙare tun ba a yi mutane ba."

Salissou ya tambayi tun yaushe. Misbahu ya ce dutsen da ke hannunsa ya haura shekara miliyan ɗari uku. Salissou ya ce shi a kuɗi ya san miliyan, bai san ana ƙirga shekaru da ita ba. Ya kuma ce in babu mutane, wa ya kai ganyen Peru, wa ya kai shi Indiya? Goro bai taɓa zuwa Agadas da ƙafarsa ba.

Misbahu ya ɗauki burodin da aka kawo masa, ya ce a lokacin ƙasashen nan a manne suke wuri guda, tsiron ya bazu a kansu kamar yadda ciyawa ke cin fili. Ya yaga burodin gida biyar, ya ja kowane yanki gefe, ya ce daga baya suka rabu a hankali, kowace ta tafi da duwatsunta. Salissou ya tattara yankunan ya haɗa, ya ga sun zauna daidai. Sannan ya ce burodi dai ya ga hannun da ya yaga shi.

Abin da ya fi rikita shi ya zo a ƙarshe. Ganyen ba daga kurmi aka kai shi ba, in ji Misbahu, a nan inda aka haƙa rijiyar ya tsiro. Wurin a lokacin fadama ce mai ruwa, kwal ɗin da ake haƙa ma ragowar tsirran fadamar ne. Kuma ƙasar Agadas ba inda take yau take ba, tana can kudu, kudu da inda Legas take yanzu, a hankali ta taho arewa.

"Ke nan tsoho bai yi kuskure ba da ya ce in yi kudu."

"Bai yi kuskuren hanya ba, Baba."

"To ni na yi kudu, ita ta yi arewa. A ina muka saɓa?"

Misbahu ya ce ba haka abin yake ba, ya sake ɗaukar burodin, amma Salissou ya ce ya ci abinsa kawai, shayin ya huce.

Kwana uku Salissou yana buɗe rumfa yana ba mutane abin da ba shi suka nema ba. Wanda ya zo sayen maganin basir ya tafi da na tari, sai da Rahamatu ta bi shi ta canza masa. A rana ta huɗu ya sa Kausar ta kira masa Misbahu. Ya ce yana da tambaya ɗaya ga mushen nasu, wato malamin. Tumfafiya ma da babu mai shuka ta, an kasa gamawa da ita a ƙauye ɗaya. Ta yaya abin da ya cika ƙasa biyar zai mutu a ko'ina, ko ɗaya bai ɓuya a bayan wani dutse ba? Mushen ya leƙa kowane daji? Misbahu mutum ne mai faɗin gaskiya. Ya ce babu wanda ya leƙa kowane daji, amma masana sun fi shekara ɗari suna bincike, ba su ga mai rai ko ɗaya ba. Salissou ya riƙe rabin farko na amsar.

Rahamatu ta ga abin a sauƙaƙe. In ganyen babu shi, alkawari ya faɗi. In kuma yana nan, abin da ya jira miliyan ɗari uku zai iya jiran mako biyu. Salissou ya ce ba ta gane ba. In ya yarda da maganar Misbahu, to ya bar jana'izar mahaifinsa ya kuma ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman abin da babu. In bai yarda ba, dole ya zauna ya ci gaba da nema, Aïchatou kuma tana can kwance. Ya ce duk wanda ya ɗauka cikin biyun, ɗayan yana kallonsa.

"Baba, abeg, ka faɗa wa Gwaggo da bakinka," in ji Kausar. "Ni na gaji da cewa saura kaɗan."

Ta danna masa wayar. Sau uku yana farawa yana cewa a goge. A na huɗu ya yi magana ta minti shida. Ya ce Yaya, an samu labarin ganyen, sai dai babu shi. Yana Indiya, yana wata ƙasa Peru, amma can ma babu shi. Yana da 'yan'uwa da yawa, duk sun mutu. A garinmu ya tsiro, lokacin garinmu yana bayan Legas, cikin ruwa. Ya yi bayanin burodi, ya rikice a tsakiya, ya koma kan rijiya, ya ƙare da cewa yana nan yana tunani.

Amsar ta zo washegari da hantsi, gajeriya.

"Salissou, na saurara sau biyu, ban gane ko ɗaya ba. Na dai ji ƙasa ta yi tafiya, kai ka zauna. Kana zuwa ko ba ka zuwa?"

Ya sa aka maimaita masa. Sannan ya tafi rumfa. Da azahar ya dawo ya tambayi Rahamatu inda katinsa na ɗan ƙasa yake.

Ranar wata Asabar cikin Yuli, da safe, ya shiga motar Sakkwato, dutsen yana aljihun rigarsa ta ciki. A tasha ya gaya wa Rahamatu kada ta ɗauka ya yarda da maganar 'yan boko. Bai yarda ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce in wani direba ya kawo ganye ta karɓa, ta yi godiya. Ya bi ta Illela da Ƙonni da Tawa, kwana huɗu a hanya.

Sauran labarin daga saƙonnin da ya turo wa Kausar ya fito, ta wayar wani maƙwabci. Ya isa ƙauyen da rana tsaka. Ya tsaya a ƙofar gidan da jakarsa, ya kasa shiga. Maƙwabta suka taru suna gaishe shi a waje, wasu ba su san ko wane ne ba. Aïchatou ta ji hayaniya daga ɗaki, aka gaya mata. Ta aiko cewa in ya ga dama ya tsaya nan har gobe, ita dai ba ta iya tasowa. Ya cire takalmi ya shiga. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya tsufa, kuma Hausarsa ta lalace.

Bayan kwana biyu ya je wurin tsohuwar rijiyar. Ta daɗe da ƙafewa, amma tulin duwatsun da aka fitar daga cikinta yana nan a gefe, yashi ya rufe rabinsa. Ya ari guduma ya zauna yana fasawa. Yawancinsu babu komai. Kafin la'asar ya samu guda huɗu masu ganye. Ɗaya irin nasa ne. Sauran ukun kowanne dabam: ɗaya mai tsage-tsage kamar gashin tsuntsu, ɗaya mai ganye uku-uku, ɗaya kuma bai san ko ganye ne ko ɓawo ba.

Ya sa aka ɗauki hotonsu, da biro a gefe kamar yadda ya ga Misbahu ya yi. A saƙon ya ce Yaya ta ɗan ci abinci yau, zai zauna har ya ga yadda jikinta zai yi. Sannan ya ce a tura wa Misbahu hotunan, a tambayar masa mushen: waɗannan ukun su ma duk sun mutu ne, ko akwai wanda za a iya nema?